Ni da Ryuhei a Hanyar Soya

Daga garin Rumoi

Zuwa ga uwargidana Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Ya bayan naki, da fatan kina saka masa ruwan ɗumi? Ya 'yarmu Asami? Ni lafiya lau, sai dai gemuna da ke daskarewa kullum.

Kin san ban so tahowa da yaron nan Ryuhei ba. Shekara da shekaru ina hawa kekena ni kaɗai zuwa Soya, can ƙarshen arewacin ƙasarmu a bakin teku, in tarbi sabuwar shekara, sai bana saurayin nan na Asami ya ce zai raka ni. Na san maganar aure ce a bakinsa. Mutum kamar buhun shinkafa, rabonsa da keke tun firamare! Duk da ƙusoshin hana santsi da ke tayar kekensa, jiya ya faɗa cikin dusar ƙanƙara har ƙafafunsa kawai nake gani. Na jawo shi, ya ce, "Na gode, Baba." Na ce, "Wa ye babanka? Hau mu tafi."

Ki rufe tagar baya da kyau.

Mijinki,
Tadao

Daga garin Teshio

Fumie,

Ina fata kuna lafiya. Kada ki tsorata da abin da zan faɗa, ya wuce.

Bayan mun wuce garin Haboro iskar teku ta taso mana da dusar ƙanƙara, sama da ƙasa suka zama fari ɗaya. Gwiwata ta hagu ta ƙi. Na tsaya a gefen hanya, na ce a raina bana kam ba zan kai ba. Ryuhei ya shige gabana, ya yi ihu, "Ku laɓe a bayana, ai faɗin nan ba na banza ba ne!" Fumie, bayansa kamar bango. Haka muka yi ta rarrafawa, shi yana shan iskar, ni ina bin fitilarsa, har muka ga wani gidan masu kiwon shanu.

Matar gidan, wata Toyoko mai bakin tsiya, ta zaunar da mu gaban murhu, ta ba mu madara mai zafi. Ta ce, "Tsoho, in mutuwa kake nema ka je ƙofar wani. Wannan ɗanka ne?" Ryuhei ya sunkuyar da kai. Na ji bakina ya ce, "Kusan haka." Yatsunsa biyu sun yi fari fat saboda sanyi, amma sun dawo daidai. Ki faɗa wa Asami sun dawo.

Naki,
Tadao

Daga garin Wakkanai

Fumie tawa,

Barka da sabuwar shekara, ke da Asami da maƙwabta.

Mun kai Soya. Masu kekuna da babura sun cika wurin, kowa na rawar ɗari yana jiran fitowar rana. Ba ta fito ba, gajimare ya rufe ta ruf. Muna tsaye sai Ryuhei ya zube a gwiwoyinsa cikin ƙanƙara a gabana. Ya buɗe baki, haɓarsa ta ƙi motsi. "A... Asa..." kawai yake iya cewa, hanci na zuba. Na bar shi ya ɗan sha wahala, ai ni ma mahaifinki bai raga mini ba. Sannan na ce, "Na ji. Na ba ka, in tana so. Tashi."

Ya kasa tashi, ƙafafun sun sage. Na kama shi zan ɗaga, muka kife tare. Wani mai babur ya ce, "Wanne ne angon?" Mutane suka yi ta tafi, ni kuwa ina kwance ina dariya, hawaye na daskarewa a kumatuna.

Jirgin ƙasa za mu hawo jibi, gwiwata ta ce ya isa. Ki dafa shinkafa a babbar tukunya, ki ƙara kifi. Ba ki taɓa ganin ci irin na yaron nan ba, kuma daga yanzu mu ne da shi.

Mijinki mai kewarki,
Tadao