Umarni Ɗaya Ya Rage Mini

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, wadda in ta yi magana nake ajiye guduma in saurara,

Gaisuwa irin ta wanda kewa ta ramar da shi, da sallama irin ta mai laifin da ke neman bakin magana. Ina fatan kina lafiya, karatu yana shiga, malaman kwas ɗin nan ba su hana ki sakat ba. Sati uku ke nan da tafiyarki, saura uku, amma ni ji nake kamar an ƙara wa kowace rana tsawo don a gwada ni. Yayarki ta ce za ta leƙo ki ranar Asabar, shi ya sa na ba ta wannan takarda. Kada ki ce me ya hana ni kira. Na kira ki sau uku, kin sani, sau ukun kuma na ɓige da tambayarki ko ana ruwa a can. Ba ruwan ne ya dame ni ba, masoyiyata. Bakina ne ya ƙi buɗuwa, shi ne na ce to hannun da ya yi ɓarnar ya rubuta ta da kansa.

Kin tuna ranar da na fara yi miki magana? Ina durƙushe a barandar gidanku, siminti har gwiwar hannu, ina jan igiya don layin tayil ya miƙe. Ke kuma kina zaune a matakala da 'yar na'urar wasanki, kin haɗe gira kamar kina duba sakamakon gwajin jini a wurin aikinki. Kwana huɗu ina satar kallonki kafin na yi ta maza na tambaye ki wane irin wasa ne wannan da ba a danna shi da sauri. Ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce ai ba na masu gaggawa ba ne. Can sai kika matsa kika nuna mini: fili an yanka shi gida-gida, 'yan mayaƙa kowa a gidansa, ana yi bi da bi, ka ba da umarni biyar sannan abokan gaba su yi nasu. Na ce ai wannan aikina ne, tayil ne kawai aka zuba wa mutane. Kika yi dariya har Mama ta leƙo ta taga. Wayyo, dariyar nan! Har yau tana kunnena, ko ƙarar injin yankan tayil ba ta iya danne ta ba.

Ranar tafiyarki kika danƙa mini na'urar. Kika ce ma'ajiya biyu ce a ciki, inda wasan ke adana inda mutum ya tsaya: ta biyu tawa ce, in koya, in kashe mutanena son raina, ta farko taki ce, kada in taɓa. Kin kuma gaya mini dalili, ba zan ce ban ji ba. Tsohon mayaƙin nan mai mashi da ke cikinta na Baba ne, mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. Lokacin da ciwo ya raba shi da tuƙin bas ya zaunar da shi a ɗaki, kina zama kusa da shi kina wasa, shi ya zaɓi tsohon, shi ke faɗa miki inda za a kai shi, yana ja miki kunne kada ki shigar masa da mutum inda ba zai iya juyowa ba. Kuma kin zaɓi tsarin da in mayaƙi ya faɗi to ya faɗi ke nan, wasan yana ajiye kowane taku da kansa, babu komawa baya. Yaƙi arba'in da ɗaya tsohon nan ya shiga bai faɗi ba, sha huɗun farko da Baba a gefenki, sauran ke kaɗai.

To, hasken zuciyata, ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Talata da rana, lokacin hutu a wurin aiki, na buɗe ma'ajiyarki. Wallahi kallo kawai na shiga yi. So nake in ga yadda kanki yake aiki, in ga inda kike ajiye wa da wa, domin mutumin da ke kewar mutum ko takun ƙafarsa ya gani sai ya tsaya ya duba. Na tarar kin bar wasan a tsakiyar yaƙi, a bakin wani rafi. Mutanenki a jere reras, gwanin sha'awa, sai tsohon shi kaɗai ya koma baya da gida ɗaya, ya laɓe a bayan wani dutse. Layi a karkace! Kin san halina. Ko gidan mutane na shiga na ga tayil ɗaya ya kauce, ruwan da aka ba ni ba ya wuce mini maƙogwaro. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ce bari in ɗan gyara wannan, na matsar da guda. Na ga ai sai an taɓa na kusa da shi, na taɓa. Na uku ya biyo baya. Na huɗu kuwa na ɗauko tsohon Baba daga bayan dutse na daidaita shi da 'yan uwansa, har ina jinjina kai ina cewa yauwa, yanzu aka yi aiki.

Sai ga jajayen layuka biyu sun sauko daga kan tudu sun tsaya a ƙirjinsa. Maharba biyu! Na gan su tun farko, ba wai ban gan su ba. Na ƙirga gidaje na ga kibiyarsu ba za ta iso ba. Amma ni da na saba da daɓe a kwance, ma'aunin ruwa yana hannuna kullum, sam na manta cewa wanda ke kan tudu ana ƙara masa gida ɗaya. Ashe dutsen nan ba ado ba ne, ke kika ɓoye tsohon a bayansa da gangan. Abincin da na buɗe ban ƙara bi ta kansa ba.

Ga yadda lamarin yake yanzu, na kuma zana miki filin a bayan takardar nan, gida-gida, da rula. Tsoho yana raye. Jininsa saura goma sha ɗaya. Kowane maharbi yana cin bakwai, su biyu goma sha huɗu. Umarni huɗu na ɓarar, ɗaya ya rage mini, ina danna shi maharban za su saki kibiya. Na'urar tana kan shiryayye a ɗakina, a jikin caja, na lulluɓe ta da tawul don kada hannuna ya sake yi mini shisshigi.

Na nemi shawara, kada ki ce ban nema ba. Abokina mai haɗa wutar lantarki, wanda muke aiki a gini ɗaya, shi ma yana irin waɗannan wasanni. Ya ce masu zaɓen tsarin da ba a komawa baya hawan jini kawai suke nema wa kansu, wasa ai don hutu aka yi shi. Wai in fara sabo, in raɗa wa wani mai mashi suna Tsoho, ba za ki gane ba. Saura kaɗan in buga masa ma'aunin ruwa a ka. Daga nan na shiga zauren 'yan wasa na waya na ajiye tambayata cikin ladabi. Tabɗi! Wani ya ce mai mashin nan dama ba shi da wani amfani, tun a yaƙi na goma ya kamata a sallame shi. Wani ya ce ƙarya ne, masu mashi su ne ƙashin bayan runduna. Na uku ya ce ai wasannin zamanin da sun fi na yanzu daɗi, nan fa aka kaure. Saƙo ya haura ɗari biyu, babu wanda ya ƙara tunawa da ni da tsohona.

Ni a da ra'ayina ɗaya da mai wuta, ba zan ɓoye miki ba. A ma'ajiyata, duk sanda aka kashe mini mutum sai in koma baya in sake, akwai yaƙin da na maimaita sau tara. Ina ganin wayo nake yi. Amma jiya na zauna na ce bari in kira sunayen mayaƙana da ka, wallahi ko uku ban kawo ba. Naki kuwa, da na yi musu kallon kwana huɗu kawai, na san kowa, na san wanda ke tsoron ruwa da wanda ba ya shiri da ƙanensa. Shin abin da kike nufi ke nan da kika ce wanda ba zai mutu ba ba a saninsa? Ina so in ji daga bakinki. Kuma me ya sa kike renon raunana, alhali wasan ya ba ki jarumai uku kin bar su a sansani suna hamma? Me ya sa kike karanta duk surutun da suke yi tsakanin yaƙi da yaƙi, wanda ni nake tsallakewa? Tambayar da ta fi cin raina kuwa ita ce, me ya sa kika tsaya a tsakiyar wannan yaƙin kika tafi? Lokaci ne ya ƙure miki, ko ke ma tudun nan ya ba ki tsoro? Ya ke wadda ta fi ruwan randa sanyi a raina, ashe akwai ɗakuna a cikin kanki da ko ƙofarsu ban sani ba, kuma so nake a buɗe mini su ɗaya bayan ɗaya.

Hanyoyi uku na gani, ki duba ko akwai ta huɗu da idona bai kai ba. Mai maganinki tana kusa, amma biyu kawai take iya ƙara wa tsoho. Goma sha uku ke nan, kibiya kuma goma sha huɗu. Ɗaya tal! Na ƙirga ya fi sau ashirin ko zai canza, ya ƙi. Mahayin dokinki yana iya haurawa tudu ya sari maharbi guda. In ya same shi, tsoho zai sha kibiya ɗaya ya rayu. Sai dai wasan ya ce sittin cikin ɗari ne zai samu. Ni a wurin aiki, in aka ce mini sittin cikin ɗari ne bango zai tsaya, ba na barin kowa ya zauna a gindinsa.

Hanya ta uku ce ta hana ni sukuni. Akwai wani mai garkuwa, gajere, mai nauyin ƙafa, wanda in ya tsaya kusa da mutum yake karɓe masa duk kibiyar da aka harbo. In na matsar da shi, tsoho ya tsira, babu tantama. Shi kuma jininsa tara ne, ba zai tashi ba. Na danna in duba ko wane ne wannan bawan Allah, sai na ga sunansa: Mai Layi. Sunan da kike tsokanata da shi! Na zauna a kan buhun siminti na daɗe ina kallo. Wasan ya rubuta yaƙi goma sha tara ya yi miki, ke kuma kin ce mini yaƙi ɗaya kike yi duk Asabar. Na ɗauko kalanda na ƙirga baya daga ranar tafiyarki, sai na sauka daidai satin da nake durƙushe a barandarku. Ni kuwa sai bayan wata biyu na iya furta miki abin da ke raina, ina gumi, ina in'ina, ke kina kallona kamar ba ki san komai ba. Haba, 'yar Mama! Wata biyu kina barina ina zagaye unguwarku da sunan duba ko tayil ya kama, alhali kin riga kin ba ni garkuwa kin sa ni a sahu? Kuma me ya sa garkuwa? Me ya sa ba doki ba, ko dai nauyin ƙafar tawa kika gani tun a lokacin?

Da son raina ne, da tuni na tura Mai Layi gaban tsohon Baba. Shi ya jawo, shi ya kamata ya sha. Har na ɗora yatsa a kan madanni, sai na tuna cewa irin wannan saurin yanke hukunci a kan abin da ba nawa ba shi ya kai mu nan. Wata huɗu da ɗoriya kina kare ɗan gajeren nan, ban san nawa yake a wurinki ba, kuma ba ni da ikon in biya ɓarnata da wani abin naki.

Don haka ga ni a ƙofarki, farin watana, hannu biyu a baya. In kin ce mahayi, zan rufe ido in danna, mu ɗauki abin da ya zo tare. In kin ce garkuwa, wallahi ba zan ji haushi ba, da alfahari zan tura shi. In kin ce kada in ƙara taɓawa, tawul ɗin nan ba zai ɗagu ba sai da hannunki. Ki yi mini faɗa, ki cika takarda biyu da shi, ki turo Yaya ta ƙara da nata, duk zan shanye domin na cancanta. Amsa ɗaya ce kawai nake roƙon kada ta fito daga gare ki, ita nake tsoro fiye da kibiyoyin nan biyu: kada ki rubuto mini cewa in yi yadda na ga dama.

Naki a yau, naki in kin huce, naki ko ba ki huce ba, har iyakar numfashina,

Mai Layinki