Wel a Bangon Asibiti

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da injinan jirginka da suka fi mu samun kulawarka. An ce min sai kun tsaya a tashar ruwa kake ganin saƙo, to Allah ya sa wannan ya riske ka da wuri.

Kada hankalinka ya tashi, amma Auta na asibiti. Babur ne ya buge ta a hanyar makaranta, ƙafar dama ta karye, an yi aiki an sa ƙarfe. Aikin ya yi kyau. Matsalar ita ce likita ya ce dole ta riƙa takawa tana lanƙwasa gwiwar, in ba haka ba gwiwar za ta sandare, sai an sake shiga da ita ɗakin tiyata. Ita kuwa ka san 'yarka da taurin kai. Da an kawo mata sandunan dogarawa sai ihu, har da cizon ma'aikaciyar jinya. Na yi lallashi, na yi faɗa, uwarta ta yi kuka, duk a banza. Wallahi tsoro nake ji.

Abu ɗaya take kallo, hoton ƙaton kifin nan da ka aiko mata bara, wel. Sai na ce bari in yi abin da na iya. Na roƙi shugabar ma'aikatan jinya ta bar ni in zana shi a bangon barandar ɗakin yara, fenti nawa, aiki nawa. Na zana kan, na jera masa haƙora irin na kada. Kai, ka ga tashin hankali! Yara biyu suka ƙi fita bayan gida. Auta ta leƙo daga gado ta ce, “Baba, ka ɓata shi. Kuma ni da girmansa na gaskiya nake so.” Shekara da shekaru ina zana allunan shaguna, yau 'yar cikina ta kushe ni.

To, malamin teku, yaya girmansa, kuma me yake ci? Ka amsa da sauri.

Yayanka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, na karanta wasiƙarka a tsaye, na kasa zama. Allah ya ba Auta lafiya. Ba zan samu sauka ba sai an gama wannan zangon binciken, kuma hakan yana damuna ƙwarai.

Da farko, ka yi haƙuri, wel ba kifi ba ne. Haihuwa yake yi, yana shayarwa, kuma sai ya taso sama yake shaƙar iska. Na tambayi masanan da muke ɗauka a jirgi don kada in yi maka kuskure. Iri biyu ne manya. Akwai masu haƙora, kamar wani mai ƙaton kai da ke nutsewa can ƙasa yana farauta, da kuma dolfin, waɗanda yawancinsu ba su wuce mita biyu zuwa uku ba, suna bin kifi a ƙungiya. Har wani mai baƙi da fari da mutane ke tsoro, shi ma dangin dolfin ne.

Na hoton Auta shuɗin wel ne, kuma ba shi da haƙori ko ɗaya. Abin da ke rataye a bakinsa kamar tsintsiya ne jere. Yakan kamfaci ruwa cike da baki, ya tura shi waje da harshe, tsintsiyar ta tace masa 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ba su kai ɗan yatsa ba. Su ne abincinsa. Ka gaya wa yaran nan maƙogwaronsa bai fi faɗin faranti ba, ba zai iya haɗiye kowa ba. Tsawonsa kuwa yana kai mita talatin. Jaririnsa ma ranar haihuwa ya kai bakwai.

A gaishe min da Anti, a shafa min kan Auta.

Ƙaninka mai biyayya

*

Ƙanina,

Salamu alaikum. Mita talatin! Ka kashe ni. Barandar gaba ɗaya ashirin ce da 'yan kai, daga nan sai kwana zuwa ofisoshi.

Na goge haƙoran na sa tsintsiya, yara sun huce, na kuma fara zana shi da girmansa na gaskiya. Amma ji abin da ya faru. Daga gadonta bakin kawai take hangowa. Ranar da na zana idon, ta ce in tura ta a keken marasa lafiya ta gani. Na ce keken na hannun wani. Ƙarya nake yi, yana bayan ƙofa. Ta yi kuka har ta gaji, can sai ga ta a bakin ƙofa da sanduna, gumi sharkaf, tana harara ta. Ta kalli idon ta ce ya yi ƙanƙanta. Na juya baya ina ta dama fentin da ba ya bukatar damawa, don kada ta ga fuskata.

Tun daga nan kullum nakan ƙara kaɗan, ita kuma ta biyo da tef ɗina tana awo. Sai dai yanzu mun cije. Ta kai tsakiyar cikinsa ta tsaya, ta ce zafi ya yi yawa. Jiya ta faɗi, na ƙi ɗaga ta, na ce ta tashi da kanta. Uwarta ba ta yi min magana ba tun lokacin, ta ce zuciyata dutse ce. Kuma tafiyar ma a miƙe take jan ƙafar, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce in mako mai zuwa babu canji, tiyata.

Ka gaya min gaskiya, in rage masa tsawo ne ta samu ta kai ƙarshe? Na rasa yadda zan yi.

Yayanka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kada ka rage ko taƙi ɗaya, mai tef a hannu za ta kama ka, kuma ba za ta sake yarda da kai ba. Ka roƙi shugabar ta bar ka ka sha kwanar da shi.

Amma ka gafarce ni in faɗi abin da ba a tambaye ni ba. Anti tana da gaskiya. Ka sassauta. Shi kansa wel ba ya yin tafiyarsa da numfashi ɗaya. Ka ajiye benci inda ta tsaya, ka zana mata dolfin biyu ko uku a wurin su taya ta hutawa. In ta faɗi kuma, ka ɗaga ta, Yaya. Yarinya ce.

Ina yi muku addu'a a kowace salla.

Ƙaninka

*

Baffa,

Ina wuni. Ni ce Auta, da hannuna na rubuta.

Wel ɗin ya ƙare, na auna shi, talatin cif. Ya sha kwana ya wuce ofishin likita. Dolfin ɗina uku ne, ɗaya ya yi kama da Baba in yana fushi.

Fentin Baba ya kusa ƙarewa, bayansa kuma yana ciwo, shi ne ya bar gefen wutsiyar na ƙasa babu launi, can dab da siminti. Na ce ba za a bar shi haka ba. Na karɓi burushin na jingine sanduna ina shafawa. Ni ban ma san na tsuguna gwiwar ta lanƙwashe ba, sai da na ji Umma ta yi salati. Likita ya fito ya tsaya yana kallo, ya ce in ci gaba da aikina, babu sauran tiyata.

Baba ya zauna a ƙasa cikin fenti yana kuka a gaban mutane. Ni ce na ba shi hannu ya tashi.

'Yarka,
Auta