Akwai Kifi a Bangon Gabas

Zuwa ga hasken hantsi a kan farin dutse, ruwan sanyi a maƙogwaron mai fasa tsakuwa, inuwar da ke sauko mini in rana ta take, gimbiyar burushi da madubin hannu, wadda fushinta ya fi gudumata nauyi.

Sallama irin ta mai laifi, wadda ake yi daga bakin ƙofa ba a shiga.

Yau kwana tara ba ki kalle ni ba. Tara! In zauna in kasa, in tashi in kasa. In ɗauki diga in manta me zan sara. Jiya na tura baro har gindin tifa kafin na lura babu ko tsakuwa ɗaya a ciki, direba ya leƙo ya ce, "Kai Shaƙiyyi, iska kake lodi yau?" Kin toshe lambata, kin daina sauka raminmu na fasa dutse, shi ya sa na ba direban nan takarda ya kai miki. Ke kika gyara mini rubutun boko, don haka in ya karkace, da ke a cikin laifin.

Na san abin da na yi, bari in faɗa da bakina. Muƙamuƙin akuya na karɓo wajen mahauci, na jiƙa shi kwana uku a ruwan shayi, na shafe shi da laka, na cusa shi inda ku ɗalibai kuke tonon burbushin halittun zamanin da. Wallahi ba ke na ɗana wa ba! Wancan ɗalibin mai baƙin tabarau na nufa, mai ce mana "ku leburori". Ina zan san Farfesa zai sauya muku wuri da safiyar ranar? Ina riƙe da shebur na ga kin durƙusa, na ga fuskarki ta buɗe kamar furen da ya sha raɓa, kin naɗe abin a auduga sai ka ce jariri. Farfesa ya jinjina shi a tafin hannu, ya ƙyasta ashana ya kara masa, ƙauri ya tashi. Ya ce, "'Yata, wannan akuyar ko wata ba ta yi da daina kuka ba." Kowa ya fashe. Ke kuwa kallo ɗaya kika yi mini, har yau ban gama jinyarsa ba.

Kin tuna ranar da hadari ya kore mu ƙarƙashin rumfar kwano, kika nuna mini dutse mai siffar katantanwa? Na ce aikin aljannu ne, kika buge ni da hularki. Kika ce halitta ce ta mutu, ta nutse, laka ta rufe ta da wuri tun masu ci ba su ci ba. Laka kan laka, shekaru kan shekaru, nauyi ya danne har lakar ta zama dutse. Ruwa yana ratsawa, yana shigar da ma'adinin ƙasa cikin ƙashi ɗigo-ɗigo, har ƙashin ya koma dutse, siffarsa kuwa tana nan. Kika ce bangon raminmu shafi-shafi ne, na ƙasa ya girmi na sama, ana bin sa yadda nake bin allo. Daga haƙori a san abin da dabba ke ci, daga katantanwa a san wannan ƙeƙasasshen tudu teku ne a da. Ya ke farar tantabarata, ba haka kika yi mini ba? Kin ratsa ni a hankali, kin cika kowace kafa, har babu abin da ya rage nawa sai siffa!

To ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya ina sara a bangon gabas, daidai tsayin ƙirjina, wani falalen dutse ya rabe biyu. Kifi, gimbiya. Kifi guda, da kansa da wutsiyarsa, bakinsa a buɗe kamar zai yi mini tsiya. Tsawonsa taƙi biyu da yatsa uku. Na ƙirga gaɓoɓin bayansa, arba'in da ɗaya. A cikin cikinsa kuma akwai wani ɗan ƙarami a lanƙwashe, wato bawan Allah ko abincinsa bai gama narkarwa ba ajali ya same shi. Wayata ba ta ɗaukar hoto, sai na zana shi da tawada a bayan takardar nan. Juya ki gani.

Na ruga wajen Farfesa ina haki. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Wace akuya ce kuma yau?" Na je wa Ogan aikinmu, ya ce, "Kifi ne ko kada, ranar Alhamis da safe katafila za ta sauke bangon nan." Yau Talata. Jibi ke nan, a niƙa shi a zuba wa titi! Abin da ya kwanta tun babu mai ƙirga shekaru, ya ƙare a ƙarƙashin taya saboda bakina ya saba wasa?

Ina da guduma, zan iya ɓamɓaro shi in kawo miki har ƙofa. Sau uku ina ɗagawa ina saukewa. Ke kika ce abin da aka cire daga shafinsa ba a auna ba, ba a rubuta ba, ya zama maraya, babu mai sanin shekarunsa kuma. Saboda haka ban taɓa shi ba. Na lulluɓe shi da rigata, na danne da duwatsu huɗu, ina aiki a singileti rana na gasa ni, abokan aiki na cewa na yi wa bango aure.

Ki zo, tauraruwata. Ki zo da igiyar awo da littafinki. Ba sai kin gaishe ni ba, ki wuce ni kamar tulin yashi in kin so. In kin tarar da ƙarya, ki tara leburori da ɗalibai ki kira ni duk sunan da ya zo bakinki, ba zan ɗaga ido ba. Duniya duk ta ƙi yarda da ni ban damu ba, ni na jawo. Taki yardar ce ban san yadda ake rayuwa babu ita ba.

Ranar Alhamis kafin a tada katafila, zan zauna in jingina bayana da bangon nan. Oga ya riga ya ce duk wanda ya tare masa aiki ya ajiye gudumarsa ya kama hanya. Na ji, zan kuma zauna. Idona na kan gangaren da kike saukowa.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba, yau da jibi da duk abin da ya biyo baya har ƙasa ta rufe ni,

Shaƙiyyinki