Tambayar Rukayya a Gaban Allo

Laraba da dare, unguwar Al Karama a ƙasar Larabawa

Na kasa cin abinci.

Yau Rukayya, ɗalibata 'yar Kano, ce a gaban allo. Tsarin ajina ke nan: babu littafi, babu lacca. Ina ba su matsalar lissafi su warware da kansu, ni kuwa ina kujerar baya, bakina a rufe. Ta kai rabin aikin, sai ta juyo.

"Malam, na karanta cewa Ba'amurken da ya ƙirƙiro wannan tsarin bai yarda baƙar fata ya zauna a ajinsa ba. Ka sani?"

Na sani mana, tun ina digiri na uku. Kowace shekara ina yabonsa ranar farko, amma ban taɓa faɗin wannan ba. Larabawa da Indiyawan ajin suka zuba min ido. Ni kuma na yi abin da na saba, na yi shiru.

Ta ce, "Ko wannan ma mu za mu gano da kanmu?"

Sannan ta ƙarasa aikinta, babu kuskure ko ɗaya. Tsarin yana aiki, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Gobe zan gabatar da tsarin a taron sashe, gaban shugaban da zai sabunta kwantiragina. Hoton mutumin na shafin farko na takardar da zan gabatar. Yanzu na rubuta abin da ya yi a ƙarƙashinsa.

Da a zamaninsa ne, ko ƙofar ajinsa ba zan tsallaka ba. Amma shekara uku ina rufa masa asiri.