Ranar Da Aka Zo Duba Mitocin Gidanmu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Tunda waya ba ta shiga a dajin nan da aka tura ka, ga takarda ta hannun direbanku.

Yaya, sun amsa! Hukumar kula da lantarki ta ce za ta turo ma'aikatanta su duba ƙananan mitocin nan da Baba Mai Gida ya kafa mana a ƙofar kowane ɗaki, waɗanda da su yake raba mana kuɗin wuta. Ni na bi ƙofa-ƙofa na tara 'yan haya: mai aski, malamar makaranta, har Goggo ta bene, da ƙyar na lallashe ta ta dangwala yatsa. Wallahi mitocin nan gudu suke kamar an biyo su. Ni me nake kunnawa? Keken ɗinki, dutsen guga, sai ɗan firjina. Jiya a gaban kowa na ce da Baba, "Ranar Talata za a yi ta ta ƙare." Shi kuwa sai carbinsa yake ja.

Har sabuwar riga na ɗinka saboda ranar. Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Wa alaikumus salam Auta,

Saƙonki ya iso, na kuma yi murna da jin kina lafiya. Neman a duba abu ba laifi ba ne, haƙƙinku ne. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ɗaga wa dattijo murya a gaban mutane. Ki tuna lokacin da mijinki ya rasu, shi ya ba ki ɗakin nan har ya yarda ki mai da rabinsa shago.

Na kuma san ki da guga tun safe har la'asar, don haka wannan "me nake kunnawa" ki ajiye shi. Na'urar ma'aikatan nan ba ta san wanda ya kira ta ba. Ki shirya wa duk abin da za ta faɗa.

Ki gaida Goggo. Allah ya sa a rabu lafiya.

Yayanki

*

Yaya, sallama da gaisuwa, sauran sai na huce!

Sun zo. Injiniya mace ce, doguwa, ba ta da yawan magana, tare da abokin aikinta mai ɗauke da wata 'yar akwati. Duk gidan aka fito tsakar gida, mai aski ma ya baro mutum da rabin kai. Ga yadda suke yi: su kashe wutar ɗaki, su haɗa na'urarsu da mitar, su jona hita, sannan su gwada abin da mitar ta ƙirga da abin da tasu ta ƙirga. Wadda ta yi daidai su ɗaura mata hatimi, wadda ta kauce su manna mata jar takarda.

Ta malama lafiya lau. Ta mai aski tana ƙari, ya yi tsalle har da tafi. Da aka zo ta Goggo, Injiniya ta sake gwadawa, ta ce, "Mama, wannan ta daɗe tana cutar ki." Goggo ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka. Ashe duk zafin nan ba ta kunna fanka, tsoron kuɗin wuta take ji, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Sai aka zo kaina. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na ce, "Injiniya, ga uwar ɓarayin." Ta haɗa, ta duba, ta dube ni.

"Hajiya, ke kika rubuto mana?"

"Ni ce!"

"To, taki baya take ja. Kina shan wuta fiye da abin da take nunawa, nesa ba kusa ba."

Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Mai aski ya yi dariya har sai da ya riƙe bango. Baba Mai Gida ya matso a hankali, ya leƙa na'urar, ya ce, "Ashe, 'yata, ni ake yi wa aski ba ruwa."

An umarce shi ya cire duk masu jar takarda ya sa waɗanda hukuma ta tantance, ya kuma mayar wa Goggo da mai aski haƙƙinsu. Ya ce a kasuwa ya saye su, bai san ana kai su gwaji ba, Injiniya ta ce rashin sani ba ya ɗauke masa. Da suka tafi, ya ce in same shi ranar Juma'a da safe.

Ina jin korata zai yi. Amma ka san wani abu? Da na hau bene da yamma na tarar da Goggo zaune gaban fanka, mayafinta na kaɗawa, tana ta sa mini albarka. Ko an kore ni ban yi nadama ba. Sai dai ina zan kai kekena?

Auta

*

Auta, salamu alaikum.

Na karanta wa abokan aikina takardarki, an sha dariya, ki yafe mini. Ki je ki ba shi haƙuri kan kalamanki, ba kan kiran hukuma ba. In ya ce ki tashi, makullin ɗakina na wajen Inna, ki kwashe kayanki ki koma can. Ki sanar da ni da wuri.

Yayanki

*

Yaya, barka da war haka!

Ka bar makullinka. Na je na durƙusa, ban gama ba da haƙurin ba ya ɗaga mini hannu. Ya ce abin Goggo ya tsaya masa a rai, da ban tayar da ƙurar nan ba da ya mutu da haƙƙin tsohuwa a wuyansa. Abin da ya wuce tsakanina da shi kuma ya yafe.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Tunda kin iya tara jama'a, mutanen hukumar ruwa sun daɗe suna kawo mini takardar biya, famfo kuwa sai iska. Za ki rubuta musu?"

Na riga na fara bin ƙofa-ƙofa. Baba ne ya fara sa hannu.

Taka har kullum,
Auta