Na'urarku Ta Ƙi Yatsun Godiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a,
ta hannun Shugaban Kwamitin Tantance Haziƙan Ɗalibai Masu Ƙarancin Shekaru.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da kyau, kai da iyalinka da abokan aikinka, da fatan Ubangiji yana riƙe da ku lafiya. Ban ambaci sunan jami'ar ba, don ba tozarta ta na zo yi ba. Waɗanda abin ya shafa za su gane kansu tun kafin su kai tsakiyar wasiƙar nan.

Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Da na ajiye aiki sai na koma ƙauyenmu a gindin duwatsun Kagoro, na kama noman citta kamar kowa. Ban taɓa rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba. Na je ofishinku aka ce in rubuto, na rubuto aka yi shiru, na buga waya aka ce oga yana taro. Shi ya sa na fito fili, kuma Allah shaida, har yanzu da nake rubutun nan ban gama gaskata abin da ya same mu ba.

Ina da 'ya, sunanta Godiya, shekarunta sha biyar. Tun tana firamare malamai suka tsallakar da ita aji, domin takan gama aikinta ta juya tana yi wa na kusa da ita gyara har ta hana aji zama lafiya. A makarantar kwana da ta yi, malaminsu na kimiyya, Malam Ishaya, shi ya kawo mana labarin cewa jami'arku tana ɗaukar 'yan ƙalilan daga cikin yaran da ba su cika sha shida ba, in sun nuna ƙwazo na musamman, ta kuma ɗauki nauyin karatunsu. Aka yi mata rajista tana makaranta, aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta. Ta rubuta jarabawarku ta ci, kuka gayyace ta ganawar ƙarshe. So take ta karanci haɗa magunguna. Damar nan sau ɗaya ake samunta. Baɗi ta wuce shekarun, kuma ƙofar da kowa ke bi ba ta zuwa da ɗaukar nauyi. Ni kuwa na san iyakar ƙarfina.

Ga abin da ya faru, daki-daki.

Na ɗaya. Ku ne kuka ɗage ranar ganawar. Da farko kun sa ta a ƙarshen damina, lokacin Godiya ba ta daɗe da barin makaranta ba, hannunta sumul. Sai saƙo ya shigo waya cewa an ɗage, za a sanar. Muka yi ta jira. Aka girbe masara, aka yanke acca, ba labari. Ba ku tashi kiran yara ba sai da tonon citta ya kankama. Ban ce da gangan kuka yi ba. Na san babu wanda ya zauna a ofis yana tunanin gonata. Amma ɗagewar nan ita ce tushen maganar, ba kuma daga gidana ta fito ba.

Na biyu. Ranka ya daɗe, ka sha citta a shayi, amma ban sani ba ko ka taɓa ganin yadda take isowa gare ka. In an tono ta, ba a shanya ta haka nan. Sai an tsaga kowane ƙullutu biyu da ƙaramar wuƙa, sannan a baza a kan falalen dutse ko a bakin hanya. Mai tsagawa yana riƙe ta da hagu, wuƙa tana sauka a kan babban yatsan dama. Tun safe har rana ta faɗi haka ake yi, mako bayan mako. Ƙasar da ke jikinta tana goge fata, ruwanta mai yaji yana ci. Kafin kaka ta raba, kan yatsun mutum ya zama fes kamar bayan cokali, wani wuri kuma ya tsattsage. A wajenmu ba a ware kowa daga wannan aiki. Matar fasto tana yi, 'yar hakimi in ta zo hutu tana yi. Yarinyar da ta zauna a ɗaki uwarta tana tsagar citta a tsakar gida, ƙauye gaba ɗaya zai san ba ta da tarbiyya, ko ta haddace littattafan duniya. Godiya takan jingina littafinta a jikin ƙwarya, ido a takarda, hannu a wuƙa. Ban ga laifi a wannan ba, yau ma ban gani ba. Wannan cittar ce ta kai ta makarantar da ta koyi abin da kuka yaba.

Na uku. Ranar ganawa ni na raka ta da kaina. Muka hau mashin zuwa Kafanchan, muka shiga mota, tana sanye da kayan da uwarta ta ɗinka mata don Kirsimeti, aka ce ta fara sawa tun yanzu. A ƙofar zauren akwai tebur da wata 'yar na'ura mai jan haske. Yaro ya ɗora yatsa, ta yi ƙara, ya wuce. Da aka zo kan Godiya sai na'ura ta yi gum. Aka ce ta goge a riga, ta goge. Aka ce ta shafa a goshi, ta shafa. Aka zuba mata wani ruwa mai warin asibiti, ya shiga tsagar fatar, na ga ta cije leɓe ta sake miƙa yatsan. Aka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu, ba wanda ya karɓu. Duk wannan abin hotonta yana nan a fuskar kwamfuta yana kallonmu, da tabon da ke girarta na faɗuwar keke. Ni ina gani, ma'aikacin yana gani.

Ni dai har lokacin dariya nake yi. Na yi aiki da inji rabin rayuwata, na san inji yana da ranar da yake tashi da taurin kai, sai a kira wanda ya sani ya duba da ido. Na ɗauka haka za a yi. Sai ma'aikacin ya kamo hannunta ya juya tafin sama, ya nuna wa abokiyar aikinsa, ya ce da Turanci, a gaban yara da iyayensu, wai wannan ba hannun 'yar shekara sha biyar ba ne. Ranka ya daɗe, a nan dariyata ta ƙare. Na ce masa citta ce, sai ya ce kowa da labarin da yake kawowa, mu matsa gefe muna tare layi. Muka matsa. Muna tsaye a nan aka shigar da yaro na ƙarshe, aka ja ƙofa. Na roƙi a bar ni in ga wani babba, mai gadi ya ce ba a shiga sai da izinin na'ura. Yarinyar da kuka kira don ku ji abin da ke cikin kanta, ba a yi mata tambaya ko guda ba.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Da a ce kun rubuto cewa ba ta samu gurbi ba, da na haɗiye. Yara masu ƙwaƙwalwa suna da yawa, guraben kaɗan ne, na san haka tun farko. Amma saƙon da ya shigo cewa ya yi an cire ta saboda ana zargin wata ce ta rubuta mata jarabawa. Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Godiya? Yarinyar da 'yan ajinsu ke bi har gida a lokacin hutu don ta koya musu lissafi a ƙarƙashin mangwaro? In ma sojan gona ake nema, ai ita za a zo a ɗauka haya, ba ita za ta ɗauko wata ba. Da na fassara wa uwarta saƙon, ta ajiye wuƙa ta ce, "To injin nasu ne ya rubuta jarabawa, ko yarinya na? Su kira shi su tambaye shi mana, yana nan, bai mutu ba." Ga Malam Ishaya ma yana nan. Shi ya tsaya a kanta ranar rajista, ya ce a shirye yake ya rantse a duk inda kuke so. Ba wanda ya neme shi.

Ka san ƙauye. Ranar da muka tafi, 'yan zumuntar mata sai da suka zo gida suka yi mata addu'a, fasto ya ambaci sunanta a sujada. Yanzu labari ya zaga, ya kuma zaga a karkace. A kasuwa na ji da kunnena wani yana cewa ashe saye aka yi. Ni dattijo ne a ikilisiya, ni nake tsayawa in yi wa matasa faɗa a kan gaskiya. Amma ba ta kaina nake ba, na tsufa, fatata ta yi kauri. Yarinyar ce ta daina zuwa kwaya, inda take waƙa a coci. In baƙo ya yi sallama, sai ta tura hannuwanta cikin zane.

Na biyar. A takardar gayyatarku kun ce kuna neman haziƙai har daga karkara, ba 'ya'yan birni kaɗai ba. Na ji daɗin maganar, har na karanta ta a gaban jama'a. To wane irin hannu kuke sa ran ɗan karkara zai zo da shi a tsakiyar kaka? Daga nan har Zangon Kataf, ku tsayar da kowace budurwa a wannan wata ku duba babban yatsanta. Ku je wajen masu ɓarar gyaɗa da masu wankin rogo ku duba. Jami'ar da ke da sashen koyar da noma guda, a ce babu mutum ɗaya da ya tuna cewa aikin gona yana cinye zanen yatsa? Wannan ya ɗaure mini kai, kuma bai sake ni ba. Ba na faɗa da na'ura. Na san dalilin da aka kawo ta, na san akwai masu cuta. Amma a tashar jirgi ma, in sigina ta lalace, akan fito da mutum da tuta a hannu. Ba a barin fasinja a daji.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa.

Ku janye kalmar zargin nan a rubuce, da hatiminku, don in samu abin da zan nuna wa mutanen da suka yi mata addu'a. Ko da ba za ku ɗauke ta ba, wannan haƙƙinta ne.

Ku kira ta ku zaunar da ita a gabanku, ku ba ta takarda da biro, ku yi mata tambayoyin da kuka ga dama, ku kwatanta rubutunta da na takardar jarabawar da ke hannunku. In ta kasa, ni da kaina zan sake rubuto wasiƙa a wannan shafi in ba ku haƙuri. Ba alfarma nake nema ba, ganawar da ta ci da guminta nake so a ba ta kafin ku rufe sunayen bana.

Sannan ku sa wani mai ikon yanke hukunci ya riƙa zama kusa da teburin nan, saboda 'ya'yan manoman da za su zo bayanta.

In kuma kun ce dole sai na'ura ta yarda, to ku ɗan jira mu. Fata tana tsirowa. Tun da muka dawo uwarta ta hana ta taɓa wuƙa. Inna Hajo, matar maƙwabcinmu na ruga da ke kawo mana nono, ta ji labari ta zo da man shanu a 'yar ƙwarya, ta ce a riƙa shafa mata safe da yamma, ta kuma ƙi karɓar komai. Godiya ba ta gaya wa kowa abin da take yi ba. Ni na shiga ɗakinta neman igiya, na tarar da bangon bayan ƙofa cike da baƙaƙen ɗigo a jere. Ashe kowace safiya takan shafa babban yatsanta a gindin tukunya ta danna a bango, ta tsaya tana dubawa. Na farkon duk baƙi ne kawai, ba komai a ciki. Na baya-bayan nan, in ka matso da ido, za ka ga siraran layuka sun fara zagayowa. Ta same ni tsaye a wurin, ta ce, "Baba, ya soma dawowa. Ka gaya musu kar su rufe tukuna."

To na gaya muku.

Al'adarmu ce kowane gida ya shafe bango da farar ƙasa kafin Kirsimeti. Uwarta ta riga ta jiƙa tata a bokiti. Na ce ta shafe ko'ina, amma ta bar mini bayan ƙofar nan yadda yake har sai amsarku ta zo. In kuna son shaida, ƙofar gidana a buɗe take, ku aiko wanda zai duba.

Ubangiji ya ba ka hikimar riƙon wannan babbar amana, ya kiyaye 'ya'yanka daga ranar da za a juya tafin hannunsu a gaban jama'a a ce ba su ba ne. Ya sa ka gama lafiya, ya albarkaci jami'arka da duk yaran da suka samu shiga.

Salama ta kasance tare da kai. Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Baban Godiya,
daga gindin duwatsun Kagoro.