Mama Ta Gyara Kiɗa

Daren Alhamis, Samaru

Yau Mama ta yi magana, wata uku bayan shanyewar ɓarin jikinta. Likita ya ce a riƙa yi mata waƙa, shi ne matan zumunta na cocinmu suka zo daga Sabon Gari da tulun kiɗansu. Da Mama ce mai buga shi. Yau ƙawarta Anti Ladi ta karɓa, sai kwafsawa take yi. Na ga yatsun Mama suna motsi a kan zane. Can ta ɗaure fuska ta ce, "Ladi, kin cika sauri."

Ni kuka, su dariya. Da na raka su titi, Anti Ladi ta raɗa mini, "'Yata, ranar Asabar ma zan dawo in ɓata kiɗan."